Tattasan Komadugu da Jikin Masu Ƙwadagonsa

Duk mai sayar da kayan miya daga Damagaram har Kano ya san busasshen tattasan Diffa, wanda ake yi wa kirari da jan zinaren Manga. Kafin rikicin Boko Haram ya tsallako ruwa, kwarin Komadugu yana fitar da kusan tan 10,000 na busasshen tattasai a shekara, kuma kaso mafi tsoka Najeriya yake tafiya. An ƙirga buhunan, an ƙirga biliyoyin sefa da suke kawowa, an kuma ƙirga asarar da aka tafka daga 2015. Lissafin da ba kasafai ake jinsa ba shi ne na jikin mutanen da ke dashe da ban-ruwa da feshi da tsinka: wa ya kwanta, me ya kwantar da shi, wa ya biya kuɗin magani.

Kogin da ke ɗauke da wannan arziki daga nesa yake zuwa. Ruwan Haɗeja da na Jama'are ne ke haɗuwa su biyo ta Gashuwa da Gaidam, sannan su zama iyaka tsakanin Nijar da Najeriya na tsawon kilomita 150 ko kusa da haka, su wuce ta gefen garin Diffa da Geskeru, su faɗa Tafkin Chadi wajen Bosso. Ba ya gudu duk shekara. Yakan iso da damina, ya tumbatsa bayan kaka, ya janye da rani ya bar tabkuna, kuma madatsun Tiga da Challawa da ke jihar Kano suna da hannu cikin yawan abin da ke isowa. Da wannan ruwa ake noman tattasai da shinkafa da albasa da masara. Ana zuba irin tattasai da damina, a dasa shi wajen ƙarshenta, a yi ta ban-ruwa da injin fetur, a soma tsinka da sanyi, a ci gaba zagaye bayan zagaye har zafi ya shigo. Aiki ne na watanni da yawa, kuma ba gonar da mai ita zai iya gamawa da hannunsa shi kaɗai.

Saboda haka gonakin Mangawa da Mobar sun daɗe suna jan 'yan ƙwadago da 'yan ci-rani. Daga 2013, da yaƙi ya koro mutane daga Borno, sai kuma harin Bosso na watan Yunin 2016 da ya watso dubbai bakin babbar hanyar kwalta, hannayen da ke neman aikin yini suka yi yawa. Mutumin da ya bar gonarsa a Damasak ko Malam Fatori, ko a wani ƙauyen bakin ruwa na Nijar ɗin kanta, ya koma barema a gonar wani. Matar da mijinta ya ɓata ta shiga layin masu tsinka tare da 'ya'yanta. Wanda ke cikin wannan hali ba ya ciniki a kan sharaɗin aiki. In aka ce ga injin feshi, ɗauka zai yi, don ya san akwai wasu a bayansa da za su ɗauka in ya ƙi. Nijar tana da dokar ƙwadago ta 2012, tana da asusun kula da ma'aikata, amma dukansu an ɗinka su ne daidai jikin mai albashi da takardar ɗaukar aiki. Mai aikin yini a bakin Komadugu yarjejeniyarsa ta baki ce, kuma da faɗuwar rana take ƙarewa.

Haɗarin da ya fi kusa da fatarsa shi ne maganin feshi. Tattasai shuka ce mai yawan maƙiya: darɓa da ke nannaɗe ganye, jan gizo-gizo, tsutsar da ke huda 'ya'ya, da tsutsar saiwa wadda ido ba ya gani amma take sa saiwar ta yi ƙululu. Gonar da ake maimaita tattasai a cikinta shekara da shekaru ƙwari sukan yi mata zaman dirshan, kuma in aka dinga buga musu magani iri ɗaya sai su saba da shi. Manomi ya ga feshin bai yi ba, sai ya ƙara awo, ya gauraya kwalba biyu ko uku, ya matso da kwanakin feshi kusa da juna. Ba shi da laifin jin tsoro, don sau da yawa kuɗin iri da taki da mai duk bashi ne daga ɗan kasuwa, kuma da tattasan za a biya.

Ga yadda aikin yake a kusa. Saurayi ya tsuguna bakin kwalbatin ruwa da tankin goyo mai cin lita 15 ko 16. Ya buɗe kwalba, ya auna da murfinta, abin da ya zuba a yatsunsa ya shafe a wando. Ya cika tankin, ya saɓa a baya. Murfin bai kama sosai ba, don haka duk takun da ya yi ruwan na tsiyayo masa ta kafaɗa zuwa ƙugu. Silifa ce a ƙafarsa, ko ma babu. Ya ja rawani ko ƙyalle ya rufe hanci, ƙyallen ya jiƙe da feshi ya manne a bakinsa. In kan feshin ya toshe, sai ya kwance ya hura da baki. Da rana ta take ya zauna ya ci abinci da hannun nan, ya koma gida da rigar nan, yaro ya ruga ya rungume shi, matarsa ta wanke rigar tare da kayan yara. Yawancin mutane suna ɗauka ta hanci kawai guba ke shiga, alhali ga mai feshi fata ce babbar ƙofa, balle fatar da ta yi gumi, kuma mafi munin lokaci shi ne na haɗa magani, sa'ad da yake riƙe da shi tsantsa ba a sirka ba.

Me ke cikin kwalbar? A bisa doka, maganin da za a sayar a Nijar sai wanda kwamitin tantance magungunan ƙwari na ƙasashen Sahel, mai mazauni a Bamako a ƙarƙashin ƙungiyar CILSS, ya ba izini. Amma Diffa ta fi kusa da Maiduguri fiye da Yamai nesa ba kusa ba, kuma naira tana yawo a kasuwanninta kamar sefa. Binciken kasuwanni da RECA, wato haɗakar majalisun manoma ta Nijar, ke yi lokaci-lokaci ya sha nuna cewa mafi yawan magungunan da ke kan teburan 'yan kasuwa ba su da wannan izini, kuma akasarinsu ta Najeriya suke shigowa. A cikinsu akwai dikilorbos, gubar da ke cikin fiya-fiya da Sniper da DD Force, wanda ake fesa wa kayan lambu, a zuba wa wake a buhu, a kuma yayyafa a ɗakin kwana don sauro. Akwai maganin ciyawa na farakwat, wanda manoma suka fi sani da gramazon. Ƙasashen Sahel sun haramta shi tun 2011, ita ma hukumar NAFDAC ta Najeriya ta sanar da haramta shi daga farkon 2024, kuma kurɓa ɗaya tana iya kashe mutum, ba shi da makari. Ga kuma rubutun jikin kwalbar da Ingilishi yake, a ƙasar da makarantar boko ta koyar da Faransanci, a hannun mutumin da Barbarci ko Hausa ko Fulatanci yake ji, wanda in ya yi karatu ma wataƙila na allo ne. Duk gargaɗin da kamfani ya buga, na awo da na kwanakin da za a jira kafin a shiga gona ko a tsinka, bai iso gare shi ba.

Wannan ba matsalar Diffa kaɗai ba ce. Mutane masu ɗimbin yawa ne ke gamuwa da gubar maganin ƙwari ba da niyya ba kowace shekara a duniya, wasu kuma su mutu. Mafi yawan waɗannan ba sa zuwa asibiti. A kwarin Komadugu ma haka abin yake tafiya: mai feshi ya dawo da ciwon kai da jiri da tashin zuciya, ido na ruwa, fata na zafi, sai a ce rana ce ta buge shi ko zazzaɓi ne, a ba shi nono ya sha. Imani da nono ya kafu ƙwarai a tsakanin masu feshi, har wasu masu gona na ganin in sun saya wa yaro madara sun sauke nauyi. Nono ba ya karya guba. Abin da ke taimako shi ne a tuɓe kayan nan take, a wanke jiki da ruwa da sabulu, kada a tilasta amai, a garzaya asibiti tare da kwalbar. In aka ga yawu na dalala, gumi na zuba, ƙwayar ido ta tsuke, numfashi na sarƙewa, alamar gubar dangin fiya-fiya ce, kuma akwai allurar atirofin da ke ceton rai in an same ta da wuri.

To, me mutanen wurin suke yi da kansu? Ba daga sifili za a fara ba, kuma wannan ya kamata masu zuwa da shirye-shirye daga waje su riƙe. Nijar ta daɗe da tsarin birgadiye, wato manoman da ƙauye ke zaɓa, ma'aikatar kare tsirrai ta horar da su kan feshi, ta ba su kayan aiki, don su zama hannunta in fara ko tsutsa ta ɓarke. Akwai makarantun manoma a gona, tsarin da ya samo asali a Indonesiya a 1989 a gonakin shinkafa, daidai lokacin da yawan feshi ya kashe ƙwarin da ke cinye maƙiyan shinkafa, annoba ta ƙaru. Manoma ashirin zuwa talatin ne ke haɗuwa kowane mako a gona guda har ƙarshen noma, su raba ta, su gwada hanyar da suka saba a gefe ɗaya da sabuwa a ɗayan, su duba ganye da idonsu, su koyi bambanta ƙwaron da ke ɓarna da wanda ke taya su yaƙi. Akwai majalisar manoma ta jihar Diffa, wadda tare da RECA take fitar da bayanai kan ƙwarin tattasai da magungunan da ke da izini, da shirye-shiryen rediyo cikin harsunan gida, da layin waya da zaurukan WhatsApp inda manomi zai aika hoton ganyen da ya lalace ya sami amsa da murya. Akwai ƙungiyoyin manoman shinkafa a filayen da hukumar ONAHA ke kula da su. Akwai asusun mata irin na Mata Masu Dubara, wanda aka fara a Maraɗi a 1991 ya bazu ƙasar. Akwai wakilan lafiya na ƙauye da ke bi gida-gida. A bayan duk waɗannan kuma akwai bulama da liman, waɗanda maganarsu ta fi ta kowace takarda nauyi.

Cewa irin wannan aiki yana haifar da ɗa mai ido, an gani. A yankin Bla na ƙasar Mali, inda manoman auduga suka bi makarantun gona na tsawon shekaru, binciken da aka wallafa a 2014 ya nuna sun rage amfani da magunguna masu haɗari da sama da kashi 90 cikin ɗari, sun koma ga abubuwa irin su ruwan 'ya'yan bedi, wato dogon yaro, ba tare da auduga ta faɗi ba. Bedi kuwa ba baƙo ba ne a titunan Diffa. A daka 'ya'yansa, a jiƙa su kwana, a tace, a sa ɗan sabulu, a fesa da yamma; yana rage darɓa da ƙananan tsutsotsi in an fara da wuri. Ba ya kashewa nan take kamar fiya-fiya, yana son maimaici, yana son haƙuri, kuma ba zai ceci gonar da ƙwari suka riga suka gama da ita ba. Shi ya sa faɗa a rediyo kawai ba ya wadatarwa. Manomin da bashi ke wuyansa ba zai sa gonarsa a caca kan maganar da bai gani da ido ba, kuma amfanin makarantar gona ke nan: asarar gwaji a kan ƙaramin fili take faɗawa, kowa kuma ya shaida sakamakon.

Amma akwai giɓi a duk waɗannan tsare-tsare, kuma shi ne abin da ya fi damuna. Kusan dukansu an gina su ne don lafiyar shuka, kuma mai gona suke kira taro. Wanda ke zuwa makarantar gona mai fili ne. Wanda ke cikin ƙungiya, yake da babbar waya, yake karɓar kayan kariya in wani shiri ya raba, mai fili ne. Wanda ke goya tankin kuwa sau da yawa ɗansa ne, ko ɗan gudun hijirar da ya ɗauka da safe. Ilimin yana wurin mutum ɗaya, gubar tana kan fatar wani. Matan da ke tsinka ma ba a cika lissafa su cikin masu hulɗa da magani ba, tunda ba su ke feshi ba, alhali su ne ke shiga tsakanin shuka da hannu tsirara, wani lokaci kwana ɗaya ko biyu bayan feshi, da goyo a baya, wasu da juna biyu. Su ne kuma ke sunkuye kan tattasan da aka shanya suna tsincewa, suna shaƙar ƙurarsa lokacin zubawa a buhu, suna atishawa da tari. Kwalbar da ta ƙare hannunsu take faɗawa, a ɗauraye a zuba mai ko gishiri ko ruwan sha.

A ganina, wa'azin sa rigar kariya shi ne mafi rauni cikin dukan matakai, ko da yake shi aka fi yi. Cikakkiyar rigar feshi da takalmin roba da safar hannu da tabarau da takunkumi sun fi ƙarfin kuɗin ɗan ƙwadago, ba a samunsu a kasuwar ƙauye, kuma a zafin Diffa mutum ba zai jure su awa da awanni ba. Dokokin da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya (FAO) da Hukumar Lafiya ta Duniya suka shimfiɗa kan magungunan ƙwari ma sun yarda da haka: sun ce a guje wa maganin da sai da kayan kariya masu tsada ko masu takura ake iya amfani da shi, musamman ga ƙananan manoma a ƙasashe masu zafi. Mataki mafi ƙarfi shi ne mafi munin guba ta bar teburin mai sayarwa. Ƙasar Siri Lanka ta haramta 'yan magunguna ƙalilan mafiya kisa, kuma masana sun ƙiyasta an tsirar da rayuka kimanin 93,000 tsakanin 1995 da 2015 daga mutuwar shan guba, noma kuma bai durƙushe ba. Ƙauye ba zai iya rufe iyaka ba, amma yana iya yin ƙaramin irin wannan. Ƙungiyar manoma da ke sayen magani a dunƙule tana iya cewa ba ta sayen mai jan layi a gindin kwalba, alamar guba mafi haɗari. Bulama da 'yan kasuwa suna iya yarda cewa ba a ɗura fiya-fiya a kwalbar lemo, ba a ajiye shi kusa da kayan abinci, ba a sayar wa yaro. Mai sayar da magani shi ne malamin gona na haƙiƙa ga yawancin manoma, don shi ake tambaya me za a fesa. Horar da shi ya fi korarsa amfani, tunda in an kore shi yau gobe wani zai shimfiɗa tabarma a wurin.

Feshi kuma ya kamata ya zama sana'ar mutane sanannu, ba aikin duk wanda aka tarar a bakin hanya ba. Tushen yana nan a tsarin birgadiye. In ƙauye yana da masu feshi huɗu ko biyar da aka horar, manya ba yara ba, har da 'yan gudun hijirar da suka riga suke yin aikin, kuma ƙungiya ta mallaki injuna marasa yoyo da takalma da safar hannu tana ba su aro, ana cire kuɗin gyara daga ladan feshi, to mutum ɗari ba za su dinga taɓa guba ba don aikin da mutum biyar za su iya. Su ne za su san awo, su duba iska, su yi feshi da sassafe ko da yamma, su ɗauraye kwalba sau uku su huda ta. Su ne kuma za su kafa tsumma a sanda a bakin gonar da aka fesa, alamar da mai tsinka za ta gane ba sai ta iya karatu ba. Ba ko ɗaya cikin waɗannan da ke jiran kuɗin Turawa.

Bayan guba sai rana da ruwa. A watannin Afrilu da Mayu zafi a Diffa yakan haura digiri 40 kusan kullum, kuma ƙarshen tsinka da aikin shinkafar rani suna faɗawa cikinsa. Mai aikin da ake biya da yawan abin da ya tara ba ya son tsayawa hutu. A ƙasar Nikaraguwa, a yankin Chichigalpa, ciwon ƙoda ya kashe dubban masu saran rake, samari majiya ƙarfi waɗanda ba su da ciwon suga ko hawan jini, kuma da aka tilasta ba su ruwa da inuwa da hutu a kan ƙa'ida, raunin ƙoda a lokacin girbi ya ragu sosai. Wannan labari ya shafe mu, don a kan kogin nan namu, can sama a Gashuwa da kewayen masarautar Bade, ciwon ƙoda ya daɗe yana ɗaukar mutane fiye da ƙima, har gwamnatin Yobe ta sa masana bincike. Ana duba ruwan sha da sinadaran noma da zafi da sauran dalilai, ba a kai ga yanke hukunci ba tukuna. Mutanen ƙasan kogi ba sa bukatar jiran sakamako kafin su mai da randar ruwa mai tsabta da rumfar zana wani ɓangare na ladan aiki, yadda abincin rana yake a al'adar gayya. Ma'aikacin da ba a kawo wa ruwa ba daga kwalbati ko tabki zai sha, inda aka wanke tankin feshi. Diffa kuwa ta ga abin da gurɓataccen ruwa ke yi a 2017, lokacin annobar ciwon hanta nau'in E, wadda ta fi yi wa mata masu ciki kisa.

Ruwan ban-ruwa yana da nasa cututtukan. Mai tsayawa cikinsa yini guda yana ɗaukar tsargiya, har a wasu wurare fitsarin jini ya zama kamar ba ciwo ba a wurin samari. Rabon maganinta ya fi bi ta makarantu, wanda ke gona kuwa ba ya aji. Sauro ba ya ƙarewa inda ruwa ke kwance, mai kwana gadin injin ban-ruwa kuma ba shi da gidan sauro. Akwai kububuwa a cikin ciyawa, akwai bel ɗin inji da ke kama hannu ko bakin riga, akwai fetur da ake zuƙowa da tiyo a baki.

Sai babban abin da ya bambanta Komadugu da sauran fadamun ƙasar. Ranar 6 ga Fabrairun 2015 aka kai hari Bosso da Diffa, kwanaki kaɗan bayan haka aka kafa dokar ta-ɓaci. Aka hana hawa babur, aka hana kamun kifi da cinikin tattasai don toshe wa mayaƙa hanyar kuɗi, aka taƙaita sayen taki da mai, aka tashi ƙauyuka daga bakin ruwa. An sassauta kan tattasai a 2017, kan kifi a 2019, an kuma fara mai da mutane garuruwansu a 2021, da Baruwa aka soma. Amma gonakin bakin kogi suna nan a inda bindiga ke iya isowa, da satar mutane don kuɗin fansa, da harajin da 'yan bindiga ke ɗora wa masu noma, da nakiyoyin da ake binnewa a hanya. Abin da ya faru a Koshebe kusa da Zabarmari a jihar Borno ranar 28 ga Nuwamban 2020, inda aka yi wa masu yankan shinkafa yankan rago aka yi jana'izar mutum 43 washegari, ya nuna wanda ke gaba in abin ya zo: ɗan ƙwadagon da ke tsakiyar gona, ba mai gonar da ke gari ba.

Rashin tsaro yana kuma lalata sauran matakan lafiya ta hanyoyin da ba a cika lura ba. Lokacin da ya dace da feshi shi ne asuba da yamma, su ne kuma lokutan da mutane ke tsoron kasancewa a bakin ruwa, sai aikin ya koma tsakar rana, ga zafi ga iska. Babur shi ne motar asibitin talaka. Inda aka hana shi, wanda maciji ya sara ko guba ta kama sai amalanke. Malamin gona ba ya zuwa inda ba zai dawo ba. A nan dabarun mutane su ne fita gona a ƙungiya da dawowa tare, sanar da juna ta waya, sanin wanda ya shiga da wanda bai fito ba, da koya wa yara kada su taɓa baƙon ƙarfe a ƙasa. Suna rage haɗari, amma zalunci ne a ce wa ƙauye ya tsare kansa daga masu bindiga da sunan ƙoƙarin al'umma. Wannan nauyin hukuma ne, haka ma sa ido kan abin da ke shigowa ta iyaka, da ajiye atirofin da maganin dafin maciji a asibitocin karkara na Geskeru da Shetimari da Tumur da Bosso, ba a babban asibitin Diffa kaɗai ba. Dokar kare tsirrai ta 2015 tana nan. Ma'aikata da abin hawa da kuɗin aiwatar da ita ake nema.

Akwai dalilin da ya sa maganar dogaro da tsarin gida ta zama ta gaggawa. Shekaru goma ƙungiyoyin agaji na waje suna ɗauke da kaso mai yawa na kiwon lafiya da ruwan sha a jihar. Daga juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 zuwa yau abubuwa sun sauya: an rufe iyaka na wani lokaci, wasu masu ba da tallafi sun janye, an sallami kwamitin Red Cross na duniya daga ƙasar a farkon 2025, Amurka kuma ta datse kuɗin agajinta a shekarar. Cire tallafin mai a Najeriya a 2023 ya tsadar da ban-ruwa, ambaliya irin ta 2019 da ta 2022 ta cinye gonaki da gidaje. Mai gonar da aka matse ta ko'ina, a kan ɗan ƙwadago yake rage kashe kuɗi, ba don mugunta ba sai don nan ne kawai ba a yi masa gardama.

Shi ya sa ƙa'idar ba za ta tsaya ba in aka bar ta ga zuciyar kowane mai gona shi kaɗai. Wanda ya sayi takalma ya kawo ruwa ya jira kwanakin tsinka zai ga maƙwabcinsa da bai yi ba ya fi shi riba. Sai an yanke ta a bainar jama'a, a gaban bulama, liman ya faɗe ta ranar Juma'a a matsayin haƙƙin ma'aikaci da Musulunci ya tsananta a kai, ta hau kan kowa lokaci guda. Kuma sai masu ƙwadagon suna wurin da ake yankewa. Suna da shugabanninsu: kowane ayarin mata masu tsinka akwai wadda ke tara su ta yi magana da mai gona, kowane sansanin 'yan gudun hijira akwai dattawansa. Asusun mata da ke ba da rance don suna da biki yana iya ware wani abu don kai mara lafiya asibiti, masu gona su zuba nasu kason a kan kowane buhu. Wakilin lafiya na ƙauye kuma, da ya riga yake rubuta zazzaɓin yara da tamowa, a ƙara masa shafi guda: wa ya kwanta bayan feshi, wace kwalba, a gonar wa, wace rana. Jami'ar Diffa, wadda aka kafa a 2014 kuma take koyar da aikin gona, tana da ɗaliban da za su iya tattara waɗannan shafuka daga ƙauyukan kwarin a ƙarshen kowace kakar tattasai, su kai wa majalisar manoma da hukumar lafiya ta jiha sunayen magungunan da suka fi kwantar da mutane, don a san waɗanda za a fara cirewa daga kasuwa.